Manyan Jirage Marasa Matuƙi da Wutar Daji: Tambayoyin da Ake Yi Mana a Bauchi da Amsoshinsu

Duk wanda ya bi hanyar Bauchi zuwa Gombe da daddare a watan Janairu ya san abin da ake gani daga gadar Dindima zuwa Alƙaleri: jan layin wuta can nesa yana tafiya kamar maciji, da ƙaurin ciyawa yana shigowa ta gilashin mota. A irin wannan lokacin ne ake ta turo mini bidiyo ta WhatsApp na wasu manyan jirage marasa matuƙi suna zuba ruwa a kan wuta, a biyo da tambaya: "Malam, me ya hana a kawo mana irin wannan?" Ni aikina awon filaye ne, da ƙaramin jirgi mai kyamara nake cin abinci, shi ya sa tambayar take faɗowa kaina. Na tattara waɗanda aka fi maimaitawa.

Wane irin jirgi ake nufi? Irin na masu ɗaukar hoton biki ne?

Dangi ɗaya ne, amma bambancinsu kamar na keke da tirela. Wanda kuke gani yana shawagi a kan amarya bai cika kai kilo ɗaya ba, wasu ma ba su kai giram 250 ba. Wanda muke magana a kai shi kansa sai mutum biyu sun kama, kuma an ƙera shi ne don ya ɗauki kaya. FlyCart 30 na kamfanin DJI, wanda ya fito a 2023, yana ɗaukar kilo 30 da batir biyu, ko kilo 40 in an sa masa batir ɗaya. Agras T40 na feshin gona yana ɗaukar lita 40. A Ingila akwai ULTRA na kamfanin Windracers, mai fukafukai kamar jirgin fasinja da injin mai guda biyu, yana ɗaukar kilo 100. Can ƙarshe kuma akwai jirage masu saukar ungulu na gaske da aka cire wa matuƙi, irin K-MAX, mai ɗaga kimanin kilo 2,700.

Idan aka ce "mai ɗaukar nauyi", to a tambaya: nauyi nawa, zuwa ina, na minti nawa? Masu talla sukan faɗi ta farko su yi shiru a kan sauran biyun.

To zai iya kashe wutar daji?

A nan ne nake ɓata wa mutane rai. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce. Jirgi mai ɗaukar kilo 40 ruwansa jarka biyu ne na mai kura, ko kuma ledar fiya wata 80. Yanzu ɗauki wutar da bakinta ya kai tsawon kilomita ɗaya, wadda a dajin Yankari ba wata babba ba ce. In ka raba lita 40 a kan wannan tsawon, leda ɗaya ce za ta faɗa a kowace mita 12 da rabi. Wanda ya taɓa tsayawa gaban gamba da ta bushe ta fi tsawon mutum, iska na kaɗa ta, ya san leda ɗaya ko motsi ba za ta sa wutar ta yi ba.

Jirgin kashe gobara na Kanada, CL-415, yana kwasar lita 6,137 daga tafki cikin daƙiƙa 12. Sai ƙaramin namu ya yi sawu fiye da 150 kafin ya kai abin da wancan ya zubar sau ɗaya. Kuma ko a ƙasashen da ke da irin waɗannan manyan jiragen, ma'aikatan za su gaya maka ruwan sama rage wa wuta kaifi yake yi, mutanen da ke ƙasa da fatanya da shebur su ne masu ƙarasa ta. Ga wata matsala: iskar farfelar jirgin tana busawa ƙasa da ƙarfi, in ya sauko kusa ya zama mafici, sai ya hura wutar da ya zo kashewa.

Inda jarka biyu ke da amfani shi ne wutar da ba ta wuce faɗin tabarma biyu ko uku ba, ko kututturen da ke ci a ɓoye bayan wuta ta wuce, ko tartsatsin da ya tsallake layin da aka share. Kenan sai an ga wutar cikin 'yan mintuna da tashinta.

In haka ne, me ake ta gwadawa a ƙasashen waje?

Saurin isa ake gwadawa, da aikin dare, da cire mutum daga haɗari. A 2015 an nuna K-MAX ba matuƙi yana ɗebo ruwa yana zubawa a kusa da birnin Boise na jihar Idaho a Amurka, bayan ya yi shekaru yana kai wa sojojin Amurka kaya a Afganistan. A 2024 da 2025 kamfanonin Sikorsky da Rain sun gwada jirgin Black Hawk mai tuƙa kansa, ya gano wuta da kyamara ya auna iska ya saki ruwa. A 2024 'yan kwana-kwanan Lancashire a Ingila sun gwada jiragen Windracers tare da jami'o'in Sheffield da Bristol, suna neman jirage da yawa su riƙa sintiri tare suna raba wa juna aiki. Akwai kuma gasar XPRIZE ta dala miliyan 11 da aka buɗe a 2023, sharaɗinta a gano wuta a fili mai faɗin murabba'in kilomita 1,000 a kashe ta cikin minti goma. Wannan filin bai kai rabin Yankari ba, wadda faɗinta ya kai murabba'in kilomita 2,244.

Lura da cewa yawancin waɗannan nuni ne a filin da aka shirya, da wutar da aka kunna da gangan a cikin da'ira, motar kwana-kwana na gefe.

Wai gaskiya ne akwai jirgin da aikinsa kunna wuta?

Gaskiya ne, kuma a ganina shi ne wanda ya fi dacewa da dajinmu. Na'urar sunanta IGNIS, ta samo asali daga Jami'ar Nebraska, an fara gwada ta a fili a 2016. Tana ɗauke da ɗaruruwan ƙananan ƙwallaye masu girman ƙwallon tebur, da wani garin sinadari a ciki. Daidai lokacin da za a saki ƙwallo sai allura ta tsira masa wani ruwa, ya faɗa ƙasa, cikin ƙasa da minti ɗaya ya kama da wuta. Matuƙin yana zaune nesa yana shata layi a allon kwamfuta, jirgin yana bi yana ɗiga wuta a inda aka ce.

Da can jirgi mai saukar ungulu ne ke wannan aikin a Amurka, yana tafiya ƙasa-ƙasa a hankali cikin hayaƙi. A 2015 ɗaya ya faɗi a Mississippi mutum biyu suka mutu, a 2019 wani ya faɗi a Texas aka rasa mutum ɗaya. Wannan na cikin abin da ya tura hukumar gandun dajinsu ga jirage marasa matuƙi.

Amma don me za a ƙona daji da gangan, alhali ƙunar ake kuka da ita?

Domin wutar Nuwamba da wutar Fabrairu ba abu ɗaya ba ne, kuma kakanninmu sun riga mu sanin haka. Da damina ta ɗauke, ciyawa tana da sauran lema, raɓa na sauka da dare. In ka sa wuta a lokacin, tafiya take a hankali, ta ci nan ta bar can, da magariba ta yi ta mutu don kanta. Kaɗanya da ɗorawa da marke ko gezau. Ƙananan itatuwa da yawa sukan tsira, zomo da fakara su sami inda za su fake. Waɗannan wuraren da suka ƙone su ne katangar da za ta tare babbar wuta in ta taso daga baya, don ba abin da za ta ci.

In ka bar ciyawar har Fabrairu ko Maris, ta bushe ƙayau, iskar hunturu ta tsotse duk wani danshi, to ashana ɗaya ta isa. Harshen wutar yakan kai rassan manyan itatuwa, ta kashe duk tsiron da ya fito a daminar, ta bar ƙasa tsirara ruwan farko ya wanke.

Ma'aikatan Yankari sun daɗe suna ƙunar wuri, wato sa wuta da wuri a farkon rani, da ƙafa da mota, a inda hanya ta kai. A arewacin Ostireliya ma, tun 2006 'yan asalin yankin Arnhem suke wannan ƙunar a bisa tsari, suna haɗa tafiyar ƙafa da sakin ƙwallayen wuta daga sama, har ana biyan su kuɗi saboda hayaƙin da suka rage. Matsalar ita ce lokacin gajere ne, 'yan makonni ne tsakanin ciyawa ta ƙi kamawa da kuma ta kama fiye da kima. Mutum goma da ƙafa ba za su zagaye hekta 224,400 a wannan ɗan tsakanin ba. Jirgi mai ɗigar wuta zai iya shata layuka a kan tuddai da kwazazzabai da mota ba ta shiga. Ƙwallayen ba su da nauyi, don haka wannan aikin ma ba ya bukatar mafi girman jirgi.

Wani tsohon malamin daji da na yi wa wannan bayani ya saurara har na gama, sai ya ce, "Yaro, jirgin naka ya san ranar da raɓa za ta daina sauka?" Na ce, "A'a Baba, ku za ku gaya masa." Har yanzu amsar kenan.

To me babban jirgin zai ɗauka, in ba ruwan kashe wuta ba?

Ruwan sha, da farko. Mai dukan wuta da ɗanyen reshe a rana yakan sha lita da yawa a yini, kuma ƙishi ne ke fara korar mutane daga bakin wuta kafin gajiya. Sai abinci, fatanya, injin feshi na goyo, batirin rediyon oba-oba, maganin sarar maciji. A Afrilun 2024 an gwada FlyCart 30 a tsaunin Everest, ya kai tukwanen iskar shaƙa sama ya sauko da shara, ta hanyar da mutane ke shafe sa'o'i suna bi. Irin wannan aikin ɗan aike shi ne aka tabbatar yana yi. A Najeriya ma ba baƙon abu ba ne, tun 2022 jiragen Zipline ke kai magani asibitocin karkara a Kaduna, duk da cewa kayan da suke ɗauka bai kai kilo biyu ba.

Nisa nawa yake zuwa?

FlyCart 30 da cikakken kaya kilomita 16 yake yi, kimanin minti 18 a sama. In za a je a dawo da tanadin batir, a lissafa kilomita takwas daga sansani. Da'ira mai wannan nisan daga tsakiya zuwa baki ba ta wuce murabba'in kilomita 200 ba sosai, kenan Yankari kaɗai na bukatar sansani goma sha ɗaya ko fiye. Daga ƙofar Mainamaji zuwa sansanin Wikki ma ya haura kilomita 40. Dole dai a ɗora jirgin a bayan a-kori-kura, da janaretan caji, da mai, da batura na canji, a kai shi kusa. Saboda wannan ne wasu kamfanoni, irin Parallel Flight na Kalifoniya, suke haɗa injin fetur da batir don jirgin ya wuce awa ɗaya a sama da kaya. Injin fetur kuwa bakaniken janareta na kasuwar Muda Lawal zai fi saurin gane kansa fiye da batirin da ba a buɗewa.

Hazo da ƙura da zafi fa?

Ga abin da babu wani gwaji a Idaho ko Lancashire da zai amsa mana. Ƙurar hunturu laushi gare ta kamar garin fulawa, tana shiga ko'ina. Ni ƙaramin jirgina a Disamba sai na goge idon kyamara bayan kowane tashi, kuma akwai ranakun da hazo kan sa ya ɓace mini da gani tun bai yi nisa ba. A Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40, batir ya sauko da zafi kamar an ciro shi daga murhu, caja ta ƙi karɓarsa sai ya huce. Iska mai zafi kuma ba ta da kauri, farfela ba ta samun abin riƙewa sosai, nauyin da aka rubuta a kwali sai ya ragu. Lokacin da wuta ta fi haɗari, tsakar rana da iska, shi ne daidai lokacin da jirgin ya fi rauni.

Abin da ya rage masa daraja da rana shi yake dawo masa da ita da dare. Iska ta kwanta, sanyi ya sauka, wuta ta lafa, kyamara mai ganin zafi tana nuna bakin wutar fes ta cikin hayaƙi, har da kututturen da ido ba ya gani.

A ina za a sami ruwan ma?

A rani, kogin Gaji da maɓuɓɓugan Yankari, madatsar Gubi kusa da Bauchi, Dadin Kowa a Gombe. Nesa da waɗannan sai tanka.

Zai iya kama masu sa wutar?

Zai iya nuna inda ta tashi da ƙarfe nawa. Wannan ma tauraron ɗan'adam yana yi kyauta: shafin FIRMS na hukumar NASA yana nuna ɗigon wuta a taswira cikin 'yan sa'o'i, kowa na iya buɗewa a waya ya duba Toro ko Ningi ko Dukku. Kama mutum kuwa wani zance ne. Masu sa wuta ba baƙi ba ne: yara masu farautar gafiya da ɓera, mai ɗebar zuma da ya yar da bakin wuta, makiyayi mai son sabon toho, manomi mai sharar gona da iska ta ƙwace masa, matafiyi da guntun taba. Shekarar da wuta ta cinye wa kawuna damin dawa da harawar wake da ya tara a gona, kafin la'asar duk ƙauyen an san 'ya'yan gidan da suka fita da karnuka. Ba a rasa shaida ba, maganar ce aka kashe a zauren mai unguwa saboda zumunci. Doka ma akwai ta, hukumar kare muhalli ta NESREA ta fitar da ƙa'idojin hana ƙunar daji tun 2011.

An ce yana shuka itatuwa daga sama. Zai taimaka wa shirin dashen itatuwa?

Kamfanoni irin Flash Forest a Kanada da Dendra Systems suna harba iri da aka dunƙule da taki daga jirgi. Watsa iri abu ne mai sauƙi, rayuwarsa ce wuya. A nan tururuwa da ɓera za su fara ɗiban rabonsu, wanda ya tsiro ya haɗu da wata bakwai ba ruwa, sannan akuya, sannan wuta. Irin ɗorawa da na ƙirya sai an jiƙa ko an kankare ɓawon kafin su fito da kyau, ƙwallon kaɗanya kuma in ya yi 'yan makonni a ajiye ya mutu. Maƙwabtanmu na Maradi da Damagaram sun farfaɗo da kimanin hekta miliyan biyar ba da jirgi ba, da sassabin zamani: in za a share gona a bar tohon kututture, a rage masa rassa, a kare shi.

Inda jirgi zai yi wa Gombe Goes Green ko shirin ACReSAL na Bankin Duniya amfani shi ne ƙirga. An dasa dubu kaza a Yuli, nawa ke raye a Afrilu? Hoto daga sama ba ya jin kunyar kowa. Haka auna yadda kwazazzaban cikin garin Gombe ke cin ƙasa daga damina zuwa damina, da duba iyakar gandun Kanawa ko Lame-Burra ko burtalin da gonaki suka shiga. Duk wannan ƙaramin jirgi ya isa.

Ba zai firgita dabbobi ba?

Zai firgita. Giwa ba ta son ƙararsa, ana jin don tana kama da kukan zuma. A Tanzaniya da Kenya har amfani ake da wannan a kori giwaye daga gonaki, abin da ƙauyukan gefen Yankari za su so su ji. Amma a lokacin gobara, jirgi mai ƙara zai iya kora garke ya nufi wutar. Shanu ma haka. Duk gwajin da za a yi sai da wanda ya san inda dabbobin suke kwana.

Kowa zai iya saye ya tashe shi?

A'a. Shigo da shi na bukatar takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, tashinsa kuma na bukatar rajista da izinin hukumar kula da jiragen sama ta NCAA. A farkon 2025 rundunar soji ta Haɗin Kai ta hana tashin irin waɗannan jiragen ba da izini ba a fagen aikinta na Arewa maso Gabas, saboda 'yan ta'adda sun fara amfani da su. Gombe ta yi iyaka da Borno da Yobe da Adamawa, to jirgi mai ɗaukar kilo 30, balle mai ɗigar wuta, ba abin da za a sauke daga mota a kama haɗawa ba ne ba tare da sojoji da 'yan sanda da hakimi sun sani ba.

Ina da ƙaramin jirgi. In na ga gobara in tashe shi in ɗauki bidiyo?

In akwai masu aiki da nasu jirgin a wurin, kar ka kuskura. A Janairun 2025, lokacin gobarar Los Angeles, ƙaramin jirgin wani mai son kallo ya huda fukafukin CL-415, aka ajiye shi kwanaki ana gyara wuta na ci.

Nawa ne kuɗinsa?

FlyCart 30 ya fito a ƙasar Sin a kan yuwan 125,000. Kafin ya iso Bauchi da batura da janareta da kwastan da horar da matuƙa biyu, lissafin ya canja kama. Batirin kuma yana da adadin cajin da zai yi ya mutu, ko an yi aiki mai amfani da shi ko shawagin nuna wa baƙi aka yi. Tsorona kar a yi bikin ƙaddamarwa, farfela ɗaya ta karye, jirgin ya kwanta a sito kusa da taraktocin da ke jiran kayan gyara.

In gwamnati ta ce za ta gwada, yaya gwajin kirki zai kasance?

Haya za a yi, ba saye ba, na rani ɗaya cikakke daga Nuwamba zuwa Afrilu. A zaɓi yanki biyu masu kama da juna, ɗaya a yi ƙunar wuri da jirgi, ɗaya da ƙafa kamar yadda aka saba. A rubuta kwana nawa jirgin ya tashi da kwana nawa hazo ko iska ko lalacewa suka hana shi, lita nawa na mai janareta ya sha, minti nawa daga ganin hayaƙi zuwa isar kaya hannun ma'aikata. A ƙarshen Afrilu a ɗauko hotunan tauraron ɗan'adam a auna hekta nawa wutar ƙarshen rani ta ci a kowane ɓangare, a raba da kuɗin da aka kashe. Sannan a ɗauki wannan kuɗin a lissafa babura nawa, takalma nawa, rediyo nawa da alawus ɗin mutum nawa zai biya, a ajiye lissafin biyu gefe da gefe a gaban malaman daji da sarakunan ƙauyukan da ke kewaye, su ma su faɗi abin da suka gani.